Ka Nuna wa Mutanenka

4 ga Fabrairu

Zuwa ga ƙanena Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwa mai yawa, kai da abokan aikinka da kuke can daji kuna shimfiɗa wa mutane kwalta. Ya iyali a gari? Mu nan lafiya lau, sai jikin Baba da ke nan jiya-i-yau. Tun da ɓarinsa na dama ya shanye bara, hannun bai dawo ba, maganar ma kalma ɗaya ce ko biyu. Amma yana ci, yana gane kowa, mun gode Allah.

Na san za ka yi mamakin ganin wasiƙata, tunda rabonmu da haɗuwa tun rasuwar kakarka. Kada ka ce ka manta ni. Kakarka da kakata ciki ɗaya suka fito, kuma ni ce na buga maka takardar neman aikinka ta farko, wadda ka dage sai an rubuta injiniya alhali ma'ajin kaya suke nema. Direban da ke kai muku siminti maƙwabcinmu ne. Shi ya ce min waya ba ta shiga a sansaninku sai an hau tudu, amma duk mako biyu yana zuwa. Na ce to, takarda dai ba ta neman sabis.

Abin da ya sa na rubuto, ban da zumunci. Shekara goma sha bakwai na yi ina sakatariya, sai aka haɗe kamfaninmu da wani, aka ce sakatariya ɗaya ta isa, kuma ba ni ba ce ɗayar. Na koyi ɗinki wata takwas, na sa keke a ɗakin gaba na gidan Baba, don in riƙa jin motsinsa. Sai bayan na buɗe na ƙirga, ashe teloli bakwai ne a layinmu, ni ce ta takwas, kuma ni ce wadda ta fi kowa sabon hannu. Aikin da ke zuwa min bai wuce gyaran zif da rage tsawon wando ba. Babban kwastomana Baba ne, shi ma rigunansa nake farkewa ina sake musu fasali don su shiga jikinsa ba wahala.

Kowa na ce min kasuwa ta koma intanet. An ce kana da shafi inda kake ɗora bidiyon katafila tana ture ƙasa, har mutum dubu tara na binka. Ban san abin da suke samu a kallon katafila ba, amma mutumin da ya tara dubu tara da ƙasa da tsakuwa ya san wani abu. Ka ba ni shawara, me zan sayar?

Ka gaida mai ɗakinka da yara in kun yi waya.

Yayarka,
Sakatare

19 ga Fabrairu

Yaya Sakatare,

Wa alaikumus salam. Wallahi da direba ya miƙo min ambulan na ga rubutun a jere kamar na ofis, gabana ya faɗi, na ce shi ke nan an sallame ni. Da na buɗe na ga ke ce, sai na zauna kan buhun siminti na karanta sau biyu. Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Allah ya ba shi lafiya, ya ba ki ladan jinya. Ni lafiyata ƙalau, sai rana da ta mai da ni kamar kwaltar da muke zubawa.

Yara lafiya. Uwarsu ce dai a wahale, mahaifiyarta ta zame a banɗaki ta karya kafaɗa, ga tsufa, yanzu tana gidanmu. Ta ce min duk safiya sai sun yi kuka su biyu kafin riga ta shiga.

Game da mutanena dubu tara, yanzu sun kai dubu tara da ɗari huɗu, a gyara lissafi. Kuma ba ƙasa kawai suke kallo ba, akwai gireda, akwai ranar da tifa ta kafe.

Na hau tudun tsakuwa ranar Lahadi na yi miki bincike sosai. Abin da masana ke cewa shi ne, a sayar da abin da kowa ke so. Turare yana tafiya. Rigar waya tana tafiya. Amma takalman mata sun fi, don mace ba ta taɓa cewa takalmi ya ishe ta. Ki samo ƙafa biyar ko shida daga masu sari, ki ajiye su kan farin mayafi kusa da taga, ki ɗauki hoto da safe lokacin da haske ke da kyau. Ki buɗe shafi, ki ba shi suna mai daɗi, ki riƙa ɗorawa kullum ba fashi. Wanda ya tambaya ki amsa masa da sauri, wannan kam fagenki ne.

Ɗinkin nan ki bar wa bakwai ɗin, sun riga ki.

Ƙanenki,
Injiniya (har yanzu ma'ajin kaya)

20 ga Maris

Injiniya,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Ya jikin surukarka? Allah ya ƙara sauƙi. Baba ya yi mura mako guda, shi ya sa ban ba direba komai ba zuwan da ya wuce. Yanzu ya warware.

Ga rahoton takalma. Na bi shawararka ɗaya bayan ɗaya, har farin mayafin. Kwana ashirin da shida ina ɗora hoto. Mutum goma sha ɗaya suka rubuto "nawa?", na amsa wa kowa cikin minti biyu, babu wanda ya sake motsi. Wata ta ce ko akwai ja, na ce akwai, ta ce baƙi take so. Ƙafa ɗaya na sayar, wa matar wana Yaya Babba, washegari ta dawo da shi wai yana cin ta a dunduniya. Mai sari ya karɓi kayansa, ya ce in sake gwada jaka. Gaskiyar magana, ni ban san komai a kan takalmi ba. In aka tambaye ni ko fata ce, sai in juya shi ina shinshinawa.

Bar wannan. Maganar surukarka ta tsaya min a rai, don na san kukan nan na safiya. Wata uku muka yi ni da Baba muna yin sa. Hannun da ya mutu nauyi gare shi, in ka ɗaga shi kafaɗa na ciwo, ga mutum yana jin kunya ana jujjuya shi kamar jariri. Abin da na yi, na farke rigar daga wuya ta bi kafaɗa har bakin hannu, na jera maɓallan nan da ake dannawa. Hannun lafiya ya shiga da kansa, ɗayan kuwa ba a taɓa shi, rigar ce ake naɗa masa a rufe. Minti biyu an gama.

A takarda ba zai fito ba, don haka na jingina waya da filas na ɗauki yadda nake sa wa Baba jiya da safe. Na tura wayarka, zai shiga in ka hau tudu. Ka nuna wa mutanenka, ko zai yi musu amfani.

In da wata shawarar da ba ta takalmi ba, ina saurare.

Yayarka

3 ga Afrilu

Yaya Sakatare,

Gaisuwa mai yawa, da fatan murar Baba ba ta dawo ba. Mama surukata da sauƙi.

Yaya, ki zauna kafin ki karanta. Bidiyon ya shigo ranar Lahadi, na kalla, na ɗora wa mutanena kamar yadda kika ce. Na sauko na ci abinci, na yi wanki, na koma tudu da yamma, waya ta kusa faɗuwa daga hannuna. Mutum dubu goma sha biyu sun kalla! Zuwa Laraba dubu arba'in da ɗaya. Katafilata da ta fi kowace farin jini ba ta taɓa wuce dubu shida ba.

Saƙonni kuwa kamar ruwan sama. "Ina ake samu?" "Tana yin na mata?" "Don Allah lambarta." Ban ba kowa lambarki ba sai kin ce.

Ni da nake ta hawa tsakuwa ina nemo miki abin sayarwa, ashe yana jikin Baba. Ki manta da takalmi, ki manta da jaka. Ki fara yanka yadi. Ki rubuto min launuka nawa za ki iya, da girma nawa.

Ƙanenki mai murna

1 ga Mayu

Yaya,

Ina gaisuwa. Direba ya zo sau biyu hannu wofi. Na tambaye shi, ya ce yana ganin ɗakin ɗinki a rufe, amma bai ji an ce wani ba lafiya ba. Na kira ki daga tudu sau uku ba ki ɗauka ba. Na ce wa kaina aiki ne ya yi miki yawa, ƙila har kin fara ɗinkawa. Bidiyon ya wuce dubu saba'in, mutane na ta jira. Ko layi biyu ne ki aiko.

Injiniya

14 ga Mayu

Injiniya,

Lafiya lau muke. Baba lafiya.

Ban rubuto ba ne don ina tsoron abin da hannuna zai rubuta. Yanzu ma a taƙaice zan yi.

Wa ya ce ka ɗora? Mutanenka na ce, matarka da mahaifiyarta, mutanen gidanka. Ka kalli bidiyon nan da kyau kuwa? Baba ba riga a jikinsa a farko. Ana ganin haƙarƙarinsa. Ana ganin yawu ya zubo masa ina goge masa da gefen zanena. Mutumin da ya yi shekara talatin yana shugaban makaranta, wanda ko ƙofar gida bai taɓa fita ba sai rigarsa ta sha guga.

Tun kafin wasiƙarka ta iso na sani. Wani abokin aikin Yaya Babba, tsohon ɗalibin Baba, shi ya miƙa masa waya a ofis gaban mutane, ya ce, "Wannan ba Malam ba ne?" Yaya ya bar aiki ya zo gida da rana tsaka. Ya tsaya bakin ɗakin ɗinki ya ce, "Talla kike yi da mahaifinmu? In ba ki da abin yi ki faɗa min, ba sai kin tuɓe shi a gaban duniya ba." Na ce ban ɗora ba. Ya ce, "Wa ya ɗauka?"

Ya ce ƙarshen watan gobe zai mai da Baba gidansa ya ɗauko mai jinya. Gidan bene ne. Baba ba zai sake ganin tsakar gida ba, kuma baƙo ne zai riƙa yi masa wanka. 'Yan'uwa sun rabu biyu, waɗanda ba su taɓa zuwa duba shi ba su suka fi kowa zafi.

Baba bai san komai ba. Yana dai ganin ina sa masa riga ba na yi masa hira.

Ka goge shi yau ɗin nan.

Sakatare

29 ga Mayu

Yaya,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba, in har gaisuwata tana da sauran wuri.

Na goge. Direba bai gama sauke kaya ba na hau tudu na goge. Akwai waɗanda suka riga suka kwafa, na bi su ɗaya ɗaya ina roƙo, shida sun cire, biyu ba su amsa ba. Ba zan ɓoye miki wannan ba.

Ba zan kare kaina ba, sai dai ki san yadda aka yi. A nan duk wanda ya ce min "mutanenka", na shafi yake nufi. Haka ake tsokanata, "Injiniya, mutanenka sun ga girki na yau?" Da na ga kalmar a wasiƙarki, can hankalina ya tafi. Amma ko da haka kika nufa, ya kamata idona ya ga abin da Yaya Babba ya gani. Ni riga na kalla, ban kalli wanda ke cikinta ba. Ki yafe min. In kin yarda zan rubuta wa Yaya Babba in ce ni ne.

Kafin in goge na kwafe saƙonnin mutane a littafin ajiyar kaya, don na ga bai kamata su ɓace ba tare da kin gani ba. Na yago shafukan, ga su nan a ciki, guda sittin da uku. Ba don ki yi wani abu da su ba. In kin ga dama ki ƙona.

Uku daga ciki sun hana ni sukuni. Wata ta ce shekara huɗu tana yanka rigunan mijinta da reza ta baya, tana rufe shi da bargo in baƙi sun zo. Wani ya ce shi kaɗai ne ɗa, mahaifiyarsa ta daina yarda a canza mata kaya saboda ciwo, har jikinta ya fara gyambo. Wata kuma ba ta tambayi komai ba, ta ce kawai ta ga yadda kike gaya wa Baba abin da za ki yi kafin ki taɓa shi, ta ce ita ba ta taɓa tunanin yin haka ba.

Uwar yara ta gwada farke rigar Mama. Ta farke ɓangaren lafiya. Ta ce in gaya miki ita ba tela ba ce.

Ƙanenki

2 ga Yuli

Ƙanena Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Mama, da uwar yara mai farke ɓangaren lafiya. Baba lafiya, yana nan gida, zan gaya maka yadda aka yi.

Ka san ba na aika wasiƙa ban ajiye kwafi ba. Na ciro tawa na karanta layin nan na "mutanenka". Da a ofis ne, da ni kaina zan mai da wa wanda ya rubuta ya fayyace. Mu raba laifin, ka ɗauki babban kashi. Ba sai ka rubuta wa Yaya ba.

Shafukanka sun yi mako biyu a ƙarƙashin keke ban taɓa ba. Ranar da na karanta su na ga abu ɗaya: ni da Yaya muna ta jayayya a kan mutuncin Baba, a falo, da ƙaramar murya, shi kuma yana ɗaki babu wanda ya tambaye shi. Bakinsa ne ya yi nauyi, ba kansa ba.

Ranar Asabar da Yaya ya zo da mota don a fara kwashe kaya, na ce sai mun shiga mun gaya masa tukuna. Yaya ya ce zan tayar masa da hankali. Na shiga, dole ya biyo ni. Na durƙusa na faɗa wa Baba komai, ban rage ba, har maganar yawun. Na ce na yi kuskure, ya yafe min. Sai ya miƙo hannun hagu. Na ɗauka hannuna yake so, ashe waya. Na kunna masa. Ya kalla har ƙarshe, ya yi alama a sake. Yaya ya juya baya yana kallon bango.

Da ya ƙare na biyu, Baba ya yi ta kokawa da bakinsa, sannan ya ce, "Sauri."

Na ce, "Baba, me?"

Ya ce, "Kin yi... sauri." Ya nuna wayar, ya girgiza kai. "Ba za su... gane ba."

Injiniya, ban san lokacin da dariya ta kuɓuce min tare da hawaye ba. Mutum dubu saba'in sun gan shi ba riga, shi abin da ya dame shi darasin bai tsaru ba.

Na karanta masa saƙonnin, ya saurari goma sha biyar kafin ya gaji. Ya ce, "Sake." Wato a sake ɗauka. Yaya ya ce, "Baba, ba zan yarda a sake nuna ka ba." Baba ya gyaɗa kai, alamar ya yarda da hakan. Sai ya ɗaga yatsa ya nuna Yaya, ya nuna kujera.

Yaya ya ce, "Ni?"

Ka san Yaya da jiki, ka san shi da girman kai. Amma wa ya taɓa ce wa Baba a'a in ya nuna kujera? Washegari na buɗe wata tsohuwar riga na ƙara mata yadi. Yaya ya zauna da singileti, wayar ta ɗauko shi daga wuya zuwa ƙasa. Baba na gefe a kekensa na marasa lafiya, da sandarsa. Duk lokacin da Yaya ya manta ya ɗaga hannun dama don ya taimaka min, sai Baba ya ƙwanƙwasa ƙafar kujera, a koma farko. Sau tara muka ɗauka. Kafin nan Baba ya sa na fara gwada wa Yaya riga irin ta kowa, hannunsa a sake, don a ga bambanci. Rigar ta maƙale masa a kai, yana ciki yana cewa, "Ke, kafaɗata!" Da ya fito yana haki ya ce, "Haka ake yi kullum?" Na ce haka ake yi a da, kafin in farke rigar.

Motar ta koma ba kaya. Yaya bai ce ya fasa ba, bai kuma sake tayar da maganar ba.

Na tura maka sabon bidiyon. Ka karanta da kyau: ka ɗora shi a shafinka na intanet, inda katafila take, don jama'a su gani. Ka sa lambata. Baba ya yarda, Yaya ya yarda muddin ba a ce shi ne ba.

Yayarka,
Sakatare

16 ga Yuli

Yaya Sakatare,

Gaisuwa da godiya. Na karanta layin sau huɗu, na ba mai gadi ya karanta min, sannan na ɗora. Wannan bai yi gudu kamar na farko ba, dubu takwas ne zuwa yau, amma kusan duk wanda ya rubuto mai jinya ne. Ki buɗe shafinki na kanki, ki bar na takalman ya huta. Kada ki dogara da nawa, aikinmu a nan zai ƙare kafin ƙarshen shekara, ban san inda za a jefa mu ba.

Ina son riguna biyu na Mama, kafaɗar hagu, hagu, na sake cewa hagu. Awon na bayan takardar nan.

Ki ce wa Yaya Babba wani ya tambaya ko majinyacin yana samun abinci da yawa haka.

Ƙanenki

28 ga Oktoba

Injiniya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina taya ka murnar gama hanya. Direba ya ce wannan ne zuwansa na ƙarshe, don haka in an kai ku sabon wuri ka sanar da ni yadda takarda za ta same ka. Na ji daɗi da Mama ta fara ɗaga hannu. Baba lafiya, ya ƙara kalmomi, yanzu har yana ce min "a'a" cikakkiya.

Ka tambayi aiki. Yana tafiya, ba da gudu ba. Yawanci riga tara zuwa sha biyu a mako. Ba na iyawa ni kaɗai, na ba biyu daga cikin telolin layinmu ɗinkin jiki, ni ina yanka ina sa maɓalli. Ranar Talata da Asabar nake kai saƙo tasha.

Abin da ban zata ba, rabin aikin ba ɗinki ba ne. Mutum zai rubuto yana son riga, kafin ya ba ni awo sai ya ba ni labarin shekara uku. Ina karantawa, ina amsawa, kowa na buɗe masa fayil: wane ɓari, yana zaune ko kwance, wa ke jinyarsa. Aikin da aka ce ba a buƙata ke nan, shi nake yi yanzu daga safe zuwa azahar.

Kuma su ke koya min. Wata ta dawo da riga ta ce maɓallan na danne mijinta in ya kwanta ta gefen, har sun yi masa shaida. Ta yi gaskiya, Baba a zaune yake wuni shi ya sa ban lura ba. Na matsar da su gaba kaɗan, na sa yadi mai laushi a ƙasa. Wani ya roƙi wando mai buɗewa ta gefe, na ɓata uku kafin na huɗu ya yi. Akwai wanda ya kwafi fasalin yana sayarwa a nasa shafin, na ji haushi kwana biyu, daga baya na ga nasa maɓallan har yanzu a kafaɗa suke, na rubuta masa ya gyara kada ya ji wa wani ciwo.

Labari na ƙarshe. Yaya Babba yanzu yana zuwa duk Lahadi da safe. Makon jiya ya ce in je in yi aikina, shi zai yi wa Baba wanka ya shirya shi. Na zauna a keken ɗinki ina jin ruwa, ina jin sanda na ƙwanƙwasa bokiti. Minti arba'in suka yi. Da ya turo shi tsakar gida, na ga rigar a juye, gabanta a baya, aljihu na kan allon kafaɗa, maɓalli biyu sun tsallake. Yaya na tsaye a bayansa, jiƙe har gwiwa, yana jiran in yaba.

Na bari sai da ya tafi, na zo na ce, "Baba, bari in gyara maka." Na kai hannu wuyan rigar. Ya dafe wurin da hannun hagu ya ce, "A'a."

Na ce, "A juye take fa."

Ya ce, "Na sani."

Haka ya wuni da ita, har baƙi biyu suka zo suka tafi.

Ka gaida kowa. Allah ya kai ku sabon wuri lafiya.

Yayarka,
Sakatare